Haɗa ƙaramar tankar yaƙin Bama: amsa ga ƙanena na Unguwar Dosa

Wani matashi daga Unguwar Dosa ya aiko da tambaya. Yayansa ya dawo daga tafiya ya kawo masa tsarabar tankar yaƙi ta roba, irin wadda mutum ke haɗawa da kansa, ƙirar M3 Lee, ma'aunin 1/35, wato an ƙanƙanta ta sau 35. Ya buɗe kwali ya ga tarkace fiye da ɗari maƙale a jikin sanduna, ya rasa ta inda zai kama. Ya ce kakansa na cikin waɗanda suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka yana so ya yi ta da kyau saboda tunawa da shi. Wane kaya zai nema a nan Kaduna, kuma yaya ake yi ta fito kamar ta gaske, ba kamar abin wasan yara ba?

Ƙanena, Allah ya jiƙan kaka, ya kuma saka wa yayanka da alheri, don ko da sani ya zaɓo ko dace ya yi, ya zaɓo daidai. Amma ka mayar da murfin kwalin nan ka rufe tukuna. Kwana biyun farko na wannan aiki da ido ake yin su, hannu na cikin aljihu.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Amurka ce ta ƙera M3 a gurguje a 1941, bayan an ga yadda tankokin Jamus suka yi wa Faransa kaca-kaca a 1940. Ana buƙatar igwa mai bakin milimita 75, ga shi ba a gama tsara kai mai juyawa da zai ɗauke ta ba, sai aka cusa ta a gefen dama na gangar jiki, aka ɗora ƙarama mai milimita 37 a sama. Shi ya sa ta fito zanƙalaƙala, tsayinta ya haura mita 3, nauyinta wajen tan 27. An yi sama da 6,000 kafin a daina a ƙarshen 1942, tankar Sherman ta gaje ta. Turawan Ingila ne suka raɗa mata suna: mai kai irin na Amurka suka ce Lee, mai kai irin wanda su suka tsara suka ce Grant, sunayen janar-janar biyu da suka gwabza da juna a yaƙin basasar Amurka. A hamadar Libiya da Masar ta yi tashe a 1942, ba a daɗe ba tankokin Jamus suka fi ƙarfinta. A Bama kuwa ta ci kasuwarta har 1945, domin tankokin Japan ƙanana ne masu sirantaccen sulke, kuma babban aikinta can shi ne fasa ramukan da sojan Japan ke ginawa da gungume da ƙasa. A watan Fabrairun 1944, a faɗan da aka yi a Sinzweya cikin yankin Arakan, irin wannan tanka ce ta taimaka wa dakarun Indiya da na Ingila da aka yi wa ƙawanya suka tsaya har aka kawo musu ɗauki.

A daidai wannan lokaci mutanenmu na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suna gabas da wurin, a kwarin kogin Kaladan. Runduna ta 82 ta biyo baya, ta shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan ba baƙi ba ne a gare mu ko da ba mu lura ba: barikin Dalet da ke Kawo kusa da ku, da barikin Kalapanzin, da barikin Chindit na Zariya, duk daga wancan yaƙi aka samo su. Sai dai ga gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu, kada wani masani ya zo ya ba ka kunya a falonka. Sojojinmu dakarun ƙasa ne, a ƙafa suka yi yaƙi, kaya a ka, abinci da harsashi jirgi ke jefo musu daga sama. Tankokin na rundunonin Ingila ne da na Indiya. Saboda haka kada ka rubuta wa tankarka sunan wata bataliyar Nijeriya. Ka yi ta a matsayin tankar da kaka ya iya gani ta wuce shi a hanya yana tafe da bindiga da adda.

To, in ka tsayar da wuri da lokaci, rabin aikin ya warware. Ka ce: Arakan, Fabrairun 1944, rani, busassun gonakin shinkafa, ƙura. Duk abin da za ka shafa wa tankar nan daga baya sai ya amsa wannan. Abin da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo kenan, kuma ba kuɗi ke sayensa ba. Kowane tabo da ke jikin mota yana da dalili, akwai abin da ya jawo shi a nan bai jawo shi a can ba. Ka nemi tsofaffin hotunan yaƙin Bama a intanet, gidan tarihin yaƙi na Landan ya zuba su da yawa. Amma hoto baƙi da fari ba ya koyar da launin datti. Wannan sai ka je inda ake aikin hanya, ko inda tifofi ke lodin yashi a bakin kogin Kaduna, ka sami katafila ka tsaya a kanta rabin awa. Ni na yi haka har direban ya sauko yana tambaya ko saye zan yi. Dubi haƙoran sarƙarta, inda suke gogar juna suna ƙyalli kamar sabon cokali, alhali gefensu ya yi jawur. Dubi inda direba ke taka ƙafa ya hau, fenti ya sule ya bar ƙarfe sumul. Dubi murfin tankin mai, yadda man da ya zuba ya kama ƙura ya yi baƙin danƙo, ya gangaro layi ɗaya yana sirancewa. Dubi saman injin, ƙura ta kwanta a kwana-kwana da bayan kowace ƙusa, amma inda hannu ke yawan taɓawa fes yake. Katafila kawai na ce, ka ji. Kada son ganin tanka ta gaske ya kai ka ƙofar bariki da waya a hannu, za ka yi bayanin da ba ka shirya ba.

Ma'aunin 1/35 na nufin a raba komai gida 35. Tankar da tsawonta ya ɗan haura mita biyar da rabi za ta fito wajen santimita 16, mutum mai matsakaicin tsayi santimita 5. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yayata wannan ma'auni tun shekarun 1960, sauran suka bi. Ka riƙe lissafin a ka, amma ta baya: duk kuskuren milimita 1 a jikin robarka, a jikin ta gaske santimita uku da rabi ne. Ɗigon gam ɗaya ya zama kamar an kifa kwanon tuwo a bango. Ɗan hakin da ka raina, a wannan sana'a, shi ne ainihin mai tsone ido.

Kayan aiki ba sai ka wahalar da kanka ba. Wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya riga ya san yawancinsu. Abin yanke farce babba, reza ko wuƙar nan mai ɓallewa ta masu yanka kwali, hantsaki, abin goge farce na mata, sanfefa mai laushi irin ta masu fentin mota, lamba 600 da 1000, tsinken sakace, audugar kunne, allura, kyandir, fensir, da buroshin zane guda uku: mai faɗi, matsakaici, da mai tsini. Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci za su ba ka kusan duka a yawo ɗaya. Buroshi da fenti ka tambayi ɗaliban taswirar gini na Kaduna Polytechnic inda suke saye, su ma ƙananan gidaje suke haɗawa da kwali, matsalarku ɗaya. Bindigar feshi da kwamfureso suna da daɗi, amma ba a tankar farko ba. Na ga aikin buroshi da ya kunyata na feshi.

Gam shi ne inda za ka ɗan sha wuya. Robar nan ba a liƙa ta yadda ake liƙa takarda. Ainihin gam ɗinta ruwa ne tsinkakke da ke narkar da fuskokin biyu su zama abu guda, kamar walda. Ka haɗa kayan a bushe, ka taɓa bakin haɗin da ɗan buroshi, ruwan ya bi layin da kansa. Na Tamiya mai koren murfi shi aka fi sani. Kada ka ce yayanka ya jefo maka shi cikin jaka a jirgi, abu ne mai kama wuta, za a ƙwace. Ka nema wurin masu sayarwa ta intanet a cikin ƙasa. Sufa gulu na yi in babu yadda za a yi, sai dai ba ya ba ka damar gyara, yana barin farin hazo a gefe, kuma haɗinsa na ɓallewa in abu ya faɗi. Ka ajiye shi don waya da ƙarfe, ka riƙa ɗiba da bakin allura, ba daga bututun kai tsaye ba.

Bari in ba ka labarin wautata. Tankata ta biyu, na gama haɗawa tsaf, na kai wa wani mai fentin mota ya ɗan fesa mini. Bawan Allah ya tsinka fentinsa da tina yadda ya saba, ya matso kusa ya sakar mata. Muna tsaye muna kallo ƙusoshin jikinta suka narke, fatar ta yamutse kamar ganda a wuta. Shi ba laifinsa, mota ya sani. Amma daga nan na koyi abu biyu. Tinar masu mota ba ta shiri da wannan roba. Kuma saboda tana narkar da ita, ɗan kaɗan a bakin buroshi yana iya zama gam in ka rasa na gaske. Ka gwada a jikin sandunan da ka cire kaya daga gare su kafin ka kusanci tankar, ka yi a waje ko bakin taga, nesa da wuta da yara. Kada ka zubar da sandunan nan, su ne filin gwajinka na komai.

Ka wanke kayan duka da ruwan sabulu tun suna jikin sandunansu, don akwai ɗan maiƙo da suke fitowa da shi daga masana'anta. Kada ka murɗe abu da hannu ka ɓalle, ka yanka nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka share guntun da reza. Lambar kowane abu a jikin sanda take, ba a jikinsa ba, don haka abin da takarda ta kira a wannan mataki shi kaɗai za ka cire. Kowane yanki yana da siririn layi a tsakiyarsa inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Ka kankare shi da bayan reza. A tayoyi abin na da ban haushi: shida a kowane gefe, bibbiyu a kan ƙafa uku, ga masu jan sarƙa a gaba, ga na baya. Ka kunna rediyo ka zauna. In ka bari, ranar da ka shafa fenti layin zai fito ɓaro-ɓaro. Igwar ma in rabi biyu ce, ka haɗa, ka bar ta kwana, sannan ka naɗe sanfefa a kanta kana murzawa, kada ka goga gefe ɗaya ta koma mai lebe. Inda rata ta rage a gangar jiki, cike da filar masu gyaran jikin mota, ɗan kaɗan a tsinke. Amma hattara da wannan tanka musamman: jikinta faranti ne da aka ɗinke da ƙusoshin ribit, ɗaruruwa, kuma su ne kyanta. Ka liƙa salatif a kansu kafin ka goga kusa da su.

Sarƙa iri biyu ce. In doguwar roba ce mai laushi, gam ba ya kama ta sosai, ka ɗinke bakin da allura da baƙin zare ka ɓoye ɗinkin ƙarƙashin taya. In ɗaiɗai ce, to 79 ne kowane gefe, Allah ya ba da haƙuri. Ka jera su a kan tebur jikin rula, ka shafa gam, ka jira kamar minti ashirin su kama amma ba su sandare ba, ka naɗa a kan tayoyin su bushe a haka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sa sarƙar ta yi lanƙwasa tana reto a sama, don ya ga haka a hoton tankar Jamus ko ta Rasha. Ta Amurka a ɗaure take tamau. Kuma takalmanta roba ne irin ta taya, ƙarfen na gefe-gefe ne kawai. Wanda ya shafe sarƙar M3 da tsatsa gaba ɗaya ya sa roba ta yi tsatsa kenan.

Yanzu ga wurin da na fi jin daɗi, ƙarin kwalliyar da babu a kwali. Kan tankar da murfin giyar da ke gaba ba faranti ba ne, ƙarfen zubi ne. Je ka Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, ka shafa bayan sabuwar tukunyar da aka zuba cikin yashi, wannan kaushi-kaushin shi ake so. Ka shafa ruwan gam a ɗan wuri, ka daddanna da tsohon buroshi mai tauri, in ya bushe ka bi da sanfefa sama-sama. Maɗaukai da mariƙai na roba sukan yi kauri, ka yanke su ka huda da allura mai ɗumi, ka lanƙwasa wayar tagulla ka sa. Mariƙin da kaurinsa ya kai santimita 2 a gaske, wayar da ta ɗan wuce rabin milimita ce daidai da shi. Tsohuwar cajar waya in ka feɗe ta za ka sami silin da ya yi daidai da wayar fitila, in ka murɗa uku-uku kuma ya ba ka igiyar jan mota. Bakin ƙananan bindigogi ka ɗan huda shi da tsinin allura. Tamfol da bargo, tishu ne marar zane a jiƙa shi da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, a naɗe, a ɗora yana ɗanye ya kwanta ya bi jikin abin da ke ƙarƙashinsa. Ka ɗaure shi da zare, domin kayan da ba a ɗaure ba ba ya zama a bayan tanka mai gudu a gona, kuma kada ka tare murfi ko hanyar juyawar igwa da kaya, mutanen ciki ba mahaukata ba ne. A hotunan Bama za ka ga da yawa an cire ɗan ƙaramin ƙoƙon bindiga da ke can ƙololuwa an sa murfi kawai, wasu kuma an shimfiɗa musu ragar waya saboda sojan Japan da ke rugowa su manna nakiya. Matacin shayi mai ƙananan ido zai ba ka wannan raga. Ka zaɓi hoto ɗaya ka bi shi, kada ka tattaro na tanka biyar ka jibga wa ɗaya.

Kafin fenti sai shimfiɗa. Gwangwanin feshi mai ruwan toka na masu mota yana yi, in ka tsaya nesa kamar tsawon rula, ka wuce da sauri, hazo-hazo, sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya sha iska. Tarawa wuri ɗaya ita ke narkar da roba. Launinta kore ne mai duhu da ya karkata wajen ruwan ƙasa. Na sojan Amurka asalinsa baƙi ne da rawaya mai ruwan ƙasa aka gauraya, kai ma haka za ka yi, sannan ka ɗan ƙara haske, domin ƙaramin abu in aka ba shi ainihin duhun babba sai ya zama dunƙulen gawayi. Ka yi da fentin akirilik, mai tsinkewa da ruwa. Kaurinsa kamar koko tsinkakke, ba kunun gyaɗa ba. Shafin farko zai fito da ɓatsa-ɓatsa har ka ce ka ɓata, kada ka ƙara kauri, ka bari ya bushe ka sake, ka sake. Na uku ne ke rufewa.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci a nan. Da hunturu fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jikin tanka, ga ƙura da ke sauka ko ɗaki a rufe. Ka sami robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka dama fentinka a nan, zai yini bai bushe ba. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kifa bokiti a kan aikin. Da damina kuma, musamman Agusta, kada ka yi feshin banish da safe ko bayan ruwa, danshi zai sa ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Da bazara kada ka bar kwalin cikin mota a rana, siraran kaya na lanƙwashewa.

Tambarin da suka zo a takarda, ruwan ɗumi ake tsoma su na ɗan lokaci su zame. Ka fara shafa banish mai ƙyalli a wurin, in ba haka ba iska na maƙalewa a ƙasansu su riƙa walƙiya kamar azurfa. Ka danne da audugar kunne, washegari ka rufe da banish.

Sai tsufar da ita. Ƙa'idar ita ce kowane hawa ya zama da abin da ba zai narkar da na ƙasansa ba. Tunda fentinka na ruwa ne, na datti sai ya zama fentin mai irin na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, a tsinka da farin tafentain har ya zama kamar ruwan shayi ba madara. Ka taɓa gindin kowace ƙusa da kowane layi da buroshi mai tsini, za ka ga ruwan ya zagaye da kansa ya yi inuwa. Bayan minti goma ka share abin da ya wuce gona da iri da buroshi mai ɗan danshi, kana ja daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke bi. Kada ka yi mata wanka da shi, tafentain mai yawa na sa haɗin tayoyi ya tsage, a kan sarƙar roba mai laushi kuma ba ya bushewa. Bayan kwana biyu ka ɗebo kore mai haske a buroshi mai faɗi, ka goge shi a tsumma har ka ga kamar babu saura, ka shafa sama-sama. Kawunan ƙusoshi da gefuna ne kaɗai za su ɗauka. A wannan mataki ne tankar ke tashi daga roba ta koma ƙarfe, kuma a nan ne hannu ke ƙin tsayawa.

Sulewar fenti ana yinta da guntun soson katifa, a tsoma cikin ruwan ƙasa mai duhu, a goge, a daddanna. A ina? Ka tuna katafilarka: bakin murfi, wurin taka ƙafa, inda shebur da diga ke goga. Nan kawai. Yanzu yayi ake yi na mayar da tanka kamar wadda ta shekara talatin a Panteka, tsatsa ta ko'ina. Ni ban yarda da shi ba. Tankar 1944 ba ta wuce shekara biyu ko uku da ƙerawa ba, tana da mutane shida ko bakwai da ransu ya dogara a kanta, kullum cikin shafa mata mai suke, fentin Amurka kuma mai riƙo ne. Tsatsa ta gaskiya tana wurin salansa a baya, inda zafi ya ƙone fenti. Injinta ma na jirgin sama ne mai silinda tara, fetur yake sha, don haka kada ka yi mata baƙin hayaƙin tifa. Garin neman gira a nan ake rasa ido. Gefunan ƙarfe da haƙoran sarƙa ka goga musu bakin fensir ka murza da yatsa, za su yi wannan ƙyalli na cokali.

Ƙura kuwa muna da ita kyauta, sai dai ba kowacce ba. Jar ƙasar Kaduna tana da kyau a ido, amma gonar shinkafa ba marmara ba ce. Ka ɗebo ƙasar fadama daga bakin kogi, mai fari-fari da toka-toka, ka soya ta a tsohon kasko don ƙwari da danshi su mutu, ka daka, ka tankaɗe da rariya mafi laushi, ka sake tacewa da tsohon ɗankwali. Abin da ya ratsa ɗankwalin shi ne ƙurar 1/35, sauran duwatsu ne. Ka barbaɗa da busasshen buroshi a tayoyi da ƙarƙashi da kwana-kwanar sama, da yawa a ƙasa, yana raguwa kana hawa, ya fi yawa a baya inda sarƙa ke watso shi. Ka ɗiga tafentain kusa da shi ya tsotsa ya kama, kada ka shafa. Bayan haka sai ɗigon mai a bakin murfin tanki, a kan ƙurar, don mai ne ke zuba kan ƙura ya jiƙa ta. Ɗaya ko biyu sun isa.

In za ka yi mata wurin zama, guntun katako ya wadatar, ka shafa siminti fari na silin da aka dama da farin gam, ka barbaɗa ƙasar nan. Tun yana ɗanye ka rufe da leda ka danna tankar ta nutsa kaɗan, ta bar sawu a bayanta. Tan 27 ba ta tsayawa a kan ƙasa kamar kaza. Kututturen shinkafa, gashin tsohon buroshin fenti ne a yanka gajere a dasa layi-layi. Da yawanmu ba ma ajiye mutum-mutumi a gida, kuma ba sai da shi ba. Bar murfi ɗaya a buɗe, ka rataya bokiti a baya, ka ajiye butar shayi a kan duwatsu uku a gefe. Can bakin hanya kuma ka jingina adda da malafar soja a kan ƙunshin kaya, irin wanda mutanenmu suka ɗauka a ka. Wanda ya san kaka zai gane na wane ne.

Ka ba aikin nan wata ɗaya ko biyu, awa guda bayan isha'i in akwai wuta. Masu yanka gilashin taga za su haɗa maka akwati, ka sa a yi shi tun kafin ka gama, saboda ƙura da kuma ƙannenka, waɗanda za su so su ga ko tana tafiya. Eriya ita ce ƙarshen abin da za ka sa. Ka riƙe guntun sandar roba sama da harshen kyandir kana juyawa, in ta yi laushi ka janye daga wuta ka ja hannu biyu a hankali, za ta miƙe ta zama siririya kamar gashin wutsiyar doki. Ka ja guda biyar ka ajiye huɗu. Tawa ta farko hannun rigata ne ya tafi da ita, ta biyu kuma baƙon da na ce wa ya duba da ido.